Filin Tambayi Anti: Kashi ashirin da huɗu ana kallon-kallo, wai yaushe zai furta?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, kowa kuka yake da fina-finan soyayya na Chaina masu dogon zango da yadda suke jan ƙafa, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Wasu na ɗan rage musu tsawo, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah ki raba ni da wata damuwa, akwai wani fim ɗin Chaina da ƙawata ta matsa min sai na kalla, kashi 40 ne, yanzu ina na 24 amma wlh har yau jarumin bai buɗe baki ya ce yana son yarinyar ba, kullum sai dai ya tsaya daga nesa yana kallonta iska na kaɗa masa gashi a saka waƙa. Ƙawata ta ce wai ni ce ba ni da haƙuri, haka irinsu suke, daɗin yana gaba. Ni ce mai matsalar ko fim ɗin? In ci gaba ko in ajiye?

AMSA: Ƙanwata ajiye maganar furtawa a gefe tukuna, ba ita ce ma'auni ba. Akwai fim ɗin da za a kai kashi na 30 babu wanda ya ce yana son wani amma ki kasa barci saboda shi, akwai kuma wanda tun kashi na 8 an furta an gama amma ke hamma kawai kike zubawa. Abin da za ki tambayi kanki shi ne, daga kashi na 14 zuwa na 24 ɗin nan me ya canza tsakanin mutanen nan biyu? Ba abin da ya faru a fada ko a ofis nake nufi ba, tsakaninsu su biyu.

Soyayyar da ake ginawa a hankali in marubuci ya iya, kowane kashi akwai ɗan abin da yake motsawa, ko da ƙanƙani ne. Da can in ta zuba masa shayi sai ya sa wani bawa ya ɗanɗana don yana tsoron guba, yau ta miƙa masa ya kurɓa bai ko duba kofin ba. Da yana kiranta da muƙaminta, wata rana cikin firgici sunanta ya kuɓuce masa. Ta gano wani sirrinsa da zai iya sa a sare masa kai, ta yi shiru, shi kuma ya gane ta sani, ita ma ta gane ya gane, kuma babu wanda ya ce uffan. Kinga duk nan ba a furta komai ba, amma mai kallo yana ji a jikinsa cewa inda suke yau ba nan suke jiya ba, kuma ba za su iya komawa baya ba. Irin wannan jan ran shi ne daɗin abin, don shi ake kallo ma.

Ɗayan kuma tsayuwa ce cik, sai dai an lulluɓe ta da kiɗa. Alamominta ba sa ɓuya. Za a nuna miki abin da ya faru minti goma da suka wuce wai jaruma ce ke tunawa, alhali ko kofin ruwan da kika ɗauko lokacin ba ki shanye ba. Za ta yi tuntuɓe ya tare ta, sai a maimaita faɗuwar ta gaba, ta baya, ta sama, ta gefe, a hankali kamar cikin ruwa, waƙa ta yi baiti guda cur suna kallon juna. Rigimar da suka yi a kashi na 12 ita ce dai a na 17 da na 22, kaya da ɗaki kawai aka canza. Kuma abin da ya fi ci min rai, duk lokacin da ya buɗe baki zai faɗi magana sai wani ya banko ƙofa da labarin gaggawa. Sau ɗaya wannan dabara ce, sau biyar kuma raini ne.

To ga gwaji mai sauƙi. Tsallake kashi biyu, ki faɗa na 27 kai tsaye. In kika ji kin ɓata, kina tambayar ya aka yi ta fara yi masa irin wannan kallon, to fim ɗin na tafiya, koma baya ki bi shi a sannu. In kuwa kika tarar da su daidai inda kika bar su, shi a bakin taga ita a bakin tafki, to ba ke ce marar haƙuri ba. Maganar ƙawarki ta "daɗin yana gaba" bashi ne fim yake ci a wajen mai kallo, kuma wanda ya ci bashin awa 18 bai biya ko sisi ba, ni dai ba na ƙara masa.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne amma matata ta koya min kallon abin nan har na fi ta. Tambayata ita ce wai da gangan suke ja? Don na lura na Koriya kashi 16 an gama, su kuwa waɗannan sai ka ga 40, 50, har 70. Ko labarinsu ne ya fi yawa?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, a gaida uwargida. Eh, da yawa da gangan ne, kuma dalilin kuɗi ne. Shekara da shekaru kamfanonin shirya fim a Chaina suna sayar wa gidajen talabijin da manyan manhajojin kallo irin su iQiyi da Youku da Tencent Video fim ne a kan kowane kashi, wato farashin kashi ɗaya sau adadin kashi. Kai ma in kai ne furodusa, ka kashe maƙudan kuɗi wajen biyan jarumai da ɗinka kaya da hayar fadojin da aka gina a Hengdian, can lardin Zhejiang inda ake ɗaukar yawancin fina-finan zamanin da, sai aka ce maka labarin nan kashi 35 zai ci amma in an ja shi zai kai 50, me za ka ce wa edita? Hoton dai an riga an ɗauka. Abin da ya rage kawai a ƙi yanke abin da ya kamata a yanke, a ƙara tunanin baya, a buɗe wa ƙananan jarumai fili. Su kansu 'yan kallon Chaina sun daɗe suna ƙorafi a kai, cewa suke an tsuga wa fim ruwa.

Ka duba lissafin. Kashi ɗaya wajen minti 45 ne, kenan fim mai kashi 40 awa 30 ne cif. A 2018 abin ya kai maƙura, Story of Yanxi Palace kashi 70, Ruyi's Royal Love in the Palace kashi 87, Ashes of Love kashi 63. Ba ina cewa duk ruwa ba ne, na fada irin su Yanxi akwai makirci da yawan mutane da za su iya ɗaukar tsawon, amma labarin da ginshiƙinsa mutum biyu ne da ke son juna, me za ka cika awa 45 da shi in ba ka yi ta raba su kana haɗawa ba?

Kuɗin jarumai ma ya taka rawa. Manyan taurari sun kai lokacin da suke cinye kaso mai tsoka na kuɗin fim, har a 2018 hukumomi suka sa doka cewa kuɗin 'yan wasa gaba ɗaya kada ya wuce kashi 40 cikin 100 na abin da aka kashe, manyan jaruman kuma kada su ɗauki fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan kason. Kafin nan hanya mafi sauƙi ta mayar da kuɗin da aka zuba wa tauraro ita ce a ƙara yawan kashi. Ga kuma talla, a fina-finan zamani za ka ga an tsayar da labari cak jaruma na shafa man fuska tana yabonsa ko ana buɗe wata manhaja ana nuna mana yadda ake oda, duk minti ne da aka sayar. Wasu gidajen talabijin kuma da kansu suke sake yanka fim ɗin, su gajarta kowane kashi su cika shi da maimaicin na jiya da ɗanɗanon na gobe, shi ya sa wani lokaci za ka ga fim ɗaya amma adadin kashinsa biyu, na talabijin daban na intanet daban.

A farkon 2020 hukumar da ke kula da rediyo da talabijin ta ƙasar ta fitar da sanarwa cewa fim kada ya wuce kashi 40, ta kuma ƙarfafa a riƙa yin masu 30 ko ƙasa da haka. Abin ya yi tasiri, amma 'yan kasuwa ai ba a raba su da dabara. Sai aka koma raba fim gida biyu, Love Like the Galaxy na 2022 kashi 56 ne amma aka fitar da shi a matsayin ɓangare biyu kowanne da sunansa, Lost You Forever kuma zango na farko kashi 39 a 2023, na biyu sai 2024.

Akwai kuma tushen labarin. Galibin fina-finan nan daga littattafan intanet ake ɗauko su, irin waɗanda ake wallafawa a shafin Jinjiang da aka kafa tun 2003, inda marubuciya ke sakin babi kusan kullum, masu karatu na biya gwargwadon yawan rubutun da suka buɗe. Wanda ake biya a kan tsawo ba zai yi gaggawar aurar da jarumansa ba, don ranar da aka ɗaura aure ranar masu karatu za su fara watsewa. A littafi jan bai cika damu ba saboda kana cikin zuciyar jarumar kana jin abin da take saƙawa, shafi goma na tunani ba ya gundura in alƙalami ya iya. Da aka zo fim, wannan tunanin ba shi da hanyar fitowa sai ta fuska, shi ne kake ganin mutum tsaye yana kallon ruwan sama minti uku. A littafin a daidai wurin nan yana yanke shawarar da za ta juya rayuwarsa, a fim kuwa mu dai mun ga mutum da lema.

Na Koriya kuma kada ka ɗauka tsarkaka ne, kashi 16 ɗin kowanne yakan haura awa guda, kuma su ma daga na 11 zuwa na 14 sau da yawa jan ƙafa ne. Sai dai wanda ya ɓata maka awa uku ba daidai yake da wanda ya ɓata maka goma ba.

TAMBAYA: Anti ni tsawon bai dame ni ba, ƙarshen ne ke ƙona min rai. A sa mutum ya yi kashi 38 yana kuka da su, sannan a kashi na ƙarshe a rubuta "bayan shekara biyar", su haɗu a kan gada su yi murmushi shikenan a rufe. Ko biki ba za a nuna ba. Wannan ai zalunci ne.

AMSA: 'Yar'uwa kin taɓo inda ya fi yi min ciwo. A ganina wannan ya fi jan ƙafar tsakiya muni, kuma abu ɗaya ne ya haife su, lokacin da aka ɓarnatar a tsakiya shi ake rasawa a ƙarshe. Wanda ya zaɓi ya gina soyayya a hankali alkawari ya ɗaukar wa mai kallo cewa jiran nan zai biya. Biyan kuma ba kalmar "ina sonki" ba ce kawai, so muke mu ga yadda mutanen nan biyu suke in suna tare babu mai korarsu, yadda suke faɗa su shirya, yadda mai taurin kan nan zai koyi ba da haƙuri. In aka ba mu minti huɗu a madadin wannan to kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Dalilan suna da yawa. A Chaina ana gama ɗaukar fim ne gaba ɗaya, a kai shi a tace a ba shi lasisi kafin a fara nunawa, ba kamar yadda aka daɗe ana yi a Koriya ba inda ake ɗauka ana nunawa. Wannan na da kyau ta wani gefen, amma yana nufin in masu tacewa suka ce a cire wani abu, ko a canza makomar wani mugu don kada a ga laifi ya tafi ba hukunci, to sai dai a yi ɗinki da abin da ke hannu, jarumai sun riga sun tafi wani aikin. Tunda a fina-finan zamanin da galibi daga baya ake ɗora murya, wani lokaci maganar kawai ake canzawa, za ki ga baki na faɗin abu daban kunne na jin daban. Irin wannan gyaran ya fi faɗawa ƙarshen labari saboda a can ake kashe-kashe da ɗaukar fansa.

Sannan dokar kashi 40 ɗin nan ta zo ta tarar da wasu an rubuta su ko an ɗauke su da niyyar su fi haka, dole aka matse. Da hankali za a bi, tsakiya za a rage. Amma farkon fim shi ke kama 'yan kallo ba a son taɓa shi, tsakiya kuma akwai ƙananan jaruman da aka yi yarjejeniya da kamfanoninsu da tallan da aka karɓi kuɗinsa, to wa ya rage? Kashi biyar na ƙarshe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, fim ya gajarta amma jan ƙafar na nan, ƙarshen ne ya tafi.

Abin haushin ma ƙarshen nan da ake yi wa riƙon sakainar kashi shi ake sayarwa da tsada. A 2019 manhajojin suka fito da tsarin cewa ko kina biyan kuɗin wata, in kina son ganin gaba kafin kowa sai kin ƙara, a ƙarshen shekarar an yi babbar rigima kan wani fim da aka nemi yuan 50, kuɗin Chaina, don a riƙa ganin kashi shida gaba. Surutu ya yi yawa har iQiyi da Tencent da Youku suka dakatar da tsarin a Oktoban 2021, daga baya ya dawo da wata riga, a biya a ga kashin ƙarshe da wuri. Shawarata in kin gama fim kin ji an bar ki a rataye, nemi ko yana da ɗan ƙarin kashi, sukan saki na 'yan mintuna daban inda ake nuna biki ko zaman gida. Ba ya wanke laifin amma yana rage zafi.

TAMBAYA: Me ya sa dole sai an saka wasu masoyan na biyu da na uku? Ni ko sunansu ba na riƙewa.

AMSA: Saboda su ne hanya mafi arha ta cika lokaci, babban jarumi ranakun aikinsa a ƙirge suke, su kuwa ƙananan ana iya ɗaukarsu a gefe da wata tawagar a lokaci guda. Kamfanoni kuma na amfani da damar su tallata sababbin yaransu. In labarin na biyun yana taɓa na farko, misali ƙanwar jarumi ta auri wanda take so ta sha wahala shi ya sa shi yake tsoron furtawa, to yana da amfani. In kuwa za a iya cire su gaba ɗaya ba abin da zai girgiza, danna gaba, ba ki ci amanar kowa ba.

TAMBAYA: Anti dan Allah me ke hana su magana ne? Ta gan shi da wata mata, maimakon ta tambaya sai ta haɗa kaya ta bar gari, ashe yayarsa ce. Kashi takwas a kan wannan. Ko shi ya rabu da ita wai don ya kare ta, bai gaya mata dalili ba. Har jifa na taɓa yi da filo.

AMSA: Allah ya ba filo haƙuri ƙanwata. Abin da ke faruwa shi ne marubuci ya kai inda babu sauran abin da ya hana mutanen nan zama tare, amma saura kashi 12 a kwangila, to dole ya ƙirƙiro katanga, kuma katangar da ta fi sauƙin ginawa ita ce a mayar da masu hankali wawaye na ɗan lokaci. Yarinyar da a kashi na 5 ta gano makircin fada gaba ɗaya daga ƙanshin turare, ita ce a kashi na 29 ta kasa tambayar "wace ce waccan?" Nan ne mai kallo ke jin an raina shi, don ba halinta ba ne, halin kwangila ne.

Ba kowane shiru ne na banza ba fa. A labaran zamanin sarakuna akwai katanga ta gaske, sarki ya ba da umarnin aure ba mai tsallakewa, laifin mutum ɗaya na iya cinye danginsa kaf, 'yar baiwa da ɗan sarauta ba sa haɗa matsayi, mace ba ta da ikon keɓewa da namiji ta yi masa doguwar magana. A irin wannan duniyar in ya yi shiru mun san me zai rasa in ya yi magana, shi ya sa shirun ke da nauyi. Kuma al'adar kunya da kawaici da rashin faɗin abin da ke rai ƙarara abu ne da labaran Chaina suka daɗe da shi, kyauta ko baitin waƙa ko tsefe gashi na iya tsayawa a madadin furuci. Wannan ba na ƙorafi a kansa ko kaɗan.

Inda na ke tsayawa shi ne fim na zamani, mutum biyu a Shanghai kowa da waya a hannu suna hira a manhajar WeChat dare da rana, a ce rashin fahimtar da saƙo ɗaya zai warware ta kai su rabuwar shekara bakwai. Sai kuma na aljanu da alloli masu rayuwa uku, inda in labari ya ƙare sai a shayar da ɗaya ruwan mantuwa ko a jefa shi duniyar mutane a sake haihuwarsa, a fara soyayyar daga farko. Karo na farko yana taɓa zuciya, musamman in ɗayan yana tune da komai yana kallon wanda ya manta shi. Karo na uku kuwa gidan jiya ne kawai aka koma da sababbin kaya.

TAMBAYA: 'Yata, ni na girme wa yawancin masu rubuto miki. Ina ganin yaran yanzu ne ba su da natsuwa, komai sai a guje. Jikata na kallo tana ninka saurin fim har muryoyin na zama kamar na tsuntsaye. Ni kuwa wannan sannu-sannun ita nake so, ina hutawa da ita. A bar mana abinmu.

AMSA: Mama ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ban ƙi ta taki ba, rabinta ma ina tare da ke. Akwai fim ɗin da sannu ita ce jikinsa, kamar Meet Yourself na 2023, kashi 40 a wani ƙauye a yankin Dali na lardin Yunnan, mace ta bar aikin birni bayan rasuwar aminiyarta ta je ta huta. Babu mugu babu makirci, ana zaune ana hira ana aikin hannu, soyayyar na tsiro a gefe. Wanda ya ninka saurin wannan ya yi asara, don abin da ya je nema yana cikin zaman ne. Kuma ga mu masu karanta fassara a ƙasan allo, in an ninka sauri ido na kan rubutu, fuskar da duk wasan ke kanta ta wuce ba a gani ba.

Amma Mama a yi wa jikar taki adalci. Ba ita ta fara ba, can Chaina ma haka matasa ke kallo, manhajojin da kansu suka saka maɓallin ninka sauri, har akwai wanda za ki zaɓi jarumi ɗaya a nuna miki wuraren da ya fito kawai a tsallake sauran. Kamfanin da ya sayi fim a kan yawan kashi shi ne kuma ya ƙera wa mutane abin tsallake kashin, kinga ai sun san abin da suka sayar. Yaran nan sun sha zama awa goma ba a ba su komai ba shi ya sa hannunsu ya saba da maɓalli, har ya zama ko sun samu mai kyau ba sa iya bambancewa. Ki zaɓo mata guda ɗaya gajere wanda ba a tsuga masa ruwa ba, irin masu kashi 24 ko 25, ku kalla tare da sharaɗin ba taɓa sauri, in ta kai kashi na shida ba ta nemi maɓallin ba kin ci gari.

TAMBAYA: Anti ni na haƙura da dogayen nan na koma 'yan gajerun da ake kallo a tsaye a waya, minti ɗaya-ɗaya. Ba su ne maganin matsalar ba?

AMSA: Ɗan'uwa maganin gundura dai, eh. Su ne ke tashe yanzu, a 2024 kuɗin da kasuwarsu ta kawo a Chaina ya haura na gidajen sinima na ƙasar, kamfanin ByteDance na da manhajarsu Hongguo, a waje kuma akwai irin su ReelShort da DramaBox. Kashi 80 ko 100, kowanne minti ɗaya zuwa biyu, ana ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya cikin kwanaki kaɗan, kuma kowane kashi dole ya ƙare da mari ko tonon asiri don ka biya ka buɗe na gaba. Manyan kamfanonin ma sun tsorata, shi ya sa za ka lura dogayen na yanzu suna cusa abubuwa da yawa a kashi uku na farko.

Sai dai abin da mai son soyayyar sannu yake nema babu shi a can. A minti na farko an yi auren kwangila, a na uku an gano shi ne mai kamfanin, a na biyar uwar miji ta watsa mata ruwa, yaushe aka samu sararin da zai lura ta daina shan shayi da sukari? In abin da kake so kenan ba sai ka sauka har minti ɗaya ba, nemi masu kashi 20 zuwa 30, kamar Hidden Love na 2023 mai kashi 25, ko matsakaitan da kowane kashi minti 10 zuwa 20 ne. Kafin ka fara kowanne ka leƙa abin da waɗanda suka gama shi suke cewa game da kashi goma na ƙarshe, ba na farko ba, don masu yabon farko ba su kai inda ake tsuga ruwan ba tukuna. Kuma ka kula da kuɗin buɗe kashi a gajerun nan, ɗan kaɗan-kaɗan ne amma kafin ka kai na 80 sau da yawa ya wuce kuɗin wata guda na babbar manhaja.